Harufa Marasa Nauyi

Shekara arba'in da ɗaya ina jera harufan dalma
a maɗaba'ar bayan tashar jiragen ruwa, nan Valparaíso,
ina tsintar su ɗai-ɗai kamar tsakuwa a shinkafa,
ina karanta su a juye, kai ƙasa,
har faratana suka rine, yau ma ba su wanku ba.
Sai ido ya ce ya gaji.
Ido ba ya neman izini in zai ajiye aiki.

Ranar Lahadi jikata Ximena ta hauro tudu,
numfashi sama-sama, ƙunshi a hammata.
"Kaka, ga littafi."
Na juya gaba, na juya baya,
siriri kamar yankan cuku.
Na shinshina: ba tawada, ba manne, ba ƙura.
Na ce, 'yar nan, marfi kika kawo, ina littafin?
Ta ce na'urar karatu ce, dubu na ciki.
Na ce to, gani ya kori ji.

Abin ya nemi suna, na ba shi: Evaristo Quilodrán.
Ya nemi kalmar sirri,
na ba shi ranar da Leontina ta ce ta yarda.
Ya ce da saura, sai da babban harafi.
Na sa farkon sunanta, ya buɗe.
Ashe shi ma ya san
ba a shiga gidan nan sai da ita.

Na lashi yatsa zan juya shafi.
Ximena ta yi dariya har da riƙe ciki,
ta goge gilashin da gefen rigarta.
"Taɓawa kawai, Kaka, kamar mai tashin jariri."
Na taɓa, ya wuce. Na sake, ya tsallake biyu.
Na danne, sai ga ƙamus ya faɗo
yana koya mini mene ne anka,
ni da na tsufa cikin ƙarar sarƙoƙin jirage.
Can hannu ya zame, ya jefa ni shafin ƙarshe,
na ga wanda ya mutu tun ban san shi ba.
Na kife shi a tebur.
Kwana biyu ba ma ga maciji.

Abin da ya sasanta mu bai taka kara ya karya ba.
Ta kama yatsuna biyu, ta ɗora, ta ware,
harufa suka tashi kamar ƙullin burodi.
Ni da nake sauke akwati mai nauyin buhun siminti
kafin in canza girman layi ɗaya!
Na ce ta je ta dafa shayi,
kar ta ga abin da ya taru a idona.

Daren Laraba ƙasa ta motsa, yadda ta saba,
kofuna suka yi ta gulma a kabad,
wuta ta ɗauke daga tudunmu har bakin teku.
Maƙwabta na laluben kyandir, karnuka na haushi,
ni ko shafina na nan da ɗan haskensa
kamar wata ya faɗo cikin kwanon sha.

A nan, babi na tara, na kama shi:
waƙafi ya zauna a kujerar aya.
Hannuna ya tafi aljihu neman hantsaki.
Ba hantsaki, ba aljihun ma, rigar barci ce.
Na ja yatsa a kan wurin har ya yi duhu,
gobe Ximena ta gani,
ta san tsohon bai gama mutuwa ba.

Yanzu cikin bangon wani tsohon littafi nake kwantar da shi,
wanda na jera shekarar da aka haifi uwarta,
ko ya ɗan ɗebi ƙamshi.
Caja na rataye a ƙusar hulata.
Yatsan dai har yau yakan kama hanyar baki,
in tuna a tsakiya,
in dawo da shi a bushe.